Nomau Kurege da Kabewar Iri ta Gwaggo Tabawa

Ga wata nan ta iso gare ku. Ku gyara zama, mai cin gyaɗa ya tauna a hankali kada ya hana na kusa da shi ji.

A wani ƙauye na namun daji, can bakin fadama, akwai wani Kurege da ake kira Nomau. An haife shi ana tsakiyar noma, shi ya sa aka raɗa masa wannan suna, kuma iyakar abin da ya haɗa shi da noma ke nan. Bai taɓa riƙe fartanya ba. Amma in ka ji shi yana zancen gona a gindin tsamiya, sai ka rantse shi ya koya wa gero tsiro.

A shekarar da nake ba ku labari, bazara ta yi tsawo. Gyaɗar da Nomau ya binne ya tone ya cinye, har da wadda ba shi ya binne ba. Ya rame, haƙarƙarinsa suka fito, wutsiya kaɗai ta rage masa ta nuna wa jama'a. Duk da haka kullum da safe sai ya hau kan suri ya yi wa kansa kirari:

"Ni ne Nomau, ƙanƙane mai cin rabon manya! Haƙorina lauje, wutsiyata laima! Ban yi huɗa ba, ban yi shuka ba, rumbuna yana gidan wani!"

Ba mai amsa masa sai cikinsa.

A ƙarshen ƙauyen akwai gidan wata Ɓauna, Gwaggo Tabawa. Ƙatuwa ce, in ta jingina da bishiya sai tsuntsayen kai su tashi. Amma ba ta da hayaniya, kuma duk abin da aka gaya mata da murya irin ta masu sani, ta yarda. Abu guda take ji da shi a duniya, irin kabewar da uwarta ta bar mata. Kabewa ce ja mai gardi, wadda in aka yi miyar taushe da ita sai maƙwabta sun leƙo tambayar lafiya. Bara fari ya kashe shukar tun ba ta yi fure ba, abin da ya rage a ɗan goran iri bai taka kara ya karya ba. Da ruwan shuka ya sauka ta juye irin duka a jujin bayan ɗakinta ta rufe da ƙasa. Gora ya zama wayam. In wannan shukar ta ƙi, irin uwarta ya ƙare ke nan, kuma ta san da haka.

Cikin abin da ya tsiro, tushe ɗaya ne ya tsallake bakin fara. Gwaggo ta kewaye shi da ƙaya, ta zuba masa taki, wanda ita ba sai ta je nema ba, ta kafa gwafa ta jingina da ɗaki. Kabewa ta kama gwafa ta hau, tana miƙa 'yan zarurrukanta tana damƙar ciyawar jinka, har ta rufe saman ɗakin da ganye. Reshe ɗaya ya bi ta kan danga ya tsallaka gidan maƙwabcinta Baba Tunau, wani tsohon Gyado, wato mugun dawa, mai haure biyu da ƙarancin magana. A al'adar garin, abin da ya tsallake danga na maƙwabci ne, saboda haka Baba Tunau ma ya fara lissafin miya.

To, duk wanda ya taɓa shuka kabewa ya san 'ya'yan farko ba duka ke kamawa ba. Wasu sukan kai girman ƙwan zabo, su yi rawaya, su faɗo. Gwaggo ta san wannan, tsoro ne ya mantar da ita. Rannan Nomau ya biyo ta bayan gidan yana neman abin sawa a baki, sai ya same ta tsaye a kan wata 'yar kabewa da ta faɗo, hawaye na zuba.

"Salamu alaikum, Gwaggo. Rasuwa aka yi?"

"Ka gani, ɗan nan. Jiya ma wata ta faɗo."

Nomau ya ɗauki 'yar kabewar ya juya, ya sansana, ya gatsa don bincike, ya ƙara gatsa don tabbatarwa. Sannan ya ɗaga kai ya ga jinka lulluɓe da ganye da furanni, ya ce a ransa, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya gyara fuska ya ce, "Gwaggo, nuna ta aka yi."

Kun dai san ba a nuna 'yar kabewa da yatsa. Kowace uwa tana kwaɓar ɗanta a kan haka, wai in an nuna ta sai ta ji kunya ta zube.

Gwaggo ta ce, "Wa zai nuna ta? Yara ba sa shigo mini. Ni kuwa ba ni da yatsa, kofato gare ni."

"Ba ki da yatsa. To mene ne wannan a kanki?"

Gwaggo ta yi ƙoƙarin duba kanta, abin bai yiwu ba. Ta ce, "Ƙaho ne."

"Yaro da ɗan yatsa ɗaya na nama yana zubar da kabewa. Ke kuwa kina tsaye a gabanta da yatsu biyu na ƙashi, kowanne ya fi ni tsawo, kina nuna ta tun safe har yamma. Ni mamaki nake da ganyen ma bai zube ba."

"Amma ai Inna ma tana da ƙaho."

"Kin taɓa lura da yadda take tsayawa?"

"Ina ƙarama a lokacin."

"To."

Gwaggo ta kawar da kai daga ɗakin. Ta ce, "Ashe ni ce nake kashe irin uwata da kaina." Ta tambaye shi mafita. Nomau ya yi dogon tunani, ko da yake ya gama tunanin tun kafin ta tambaya. Ya ce mafita ɗaya ce. Daga yau har kaka, kada ta ƙara fuskantar ɗakin nan. Shi, albarkacin zumunci, zai bar ayyukansa masu yawa ya zama idonta da hannunta a kan jinka. Ba ya son kome, sai dai ɗan abin taɓawa safe da yamma, don mai yunwa ba ya hawa sama. Gwaggo ta yi ta sa masa albarka.

Da gari ya waye, aka shiga sabuwar rayuwa. Fita ba wuya, tunda mai fita baya yake ba ɗaki. Shiga ce aiki. Gwaggo takan tsaya a tsakar gida ta juya, ta riƙa ja da baya tana laluben ƙofa da wutsiya. Ranar farko ta fasa randa, ta kuma zauna a kan turmi ba da niyya ba. Ba ta yi ƙorafi ba.

Gaskiya guda zan faɗa a kan Nomau, don kada a ce na tsane shi. Ya yi wa kabewar nan raino. Ba don Allah ba, ba kuma don Gwaggo ba, mutum ne kawai ba ya wasa da tukunyar da zai ci a ciki. Da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, yakan barbaɗa toka a ganye don ta manne ta kori ƙwari. Reshen da ya zarce yakan tsinke masa kai, don ƙarfin shukar ya koma ga 'ya'ya maimakon yawo. Furen kabewa iri biyu ne. Akwai mai ɗan ƙulli a gindi, shi ke zama kabewa, akwai kuma mai dogon wuya, wanda aikinsa ya ƙare da zarar ƙudan zuma sun gama shiga da fita. Nomau yakan jira hantsi ya ɗaga zuma su tafi, sannan ya bi masu dogon wuyan ya tsinke ya cinye, wai rage wa shuka nauyi yake. Kowace kabewa da ta kama ta fara nauyi, sai ya naɗa mata gammo na ciyawa ya ɗora ta a kai, don kada ta gangaro, kuma kada gindinta ya jiƙe ya ruɓe.

Wadda ta fara kamawa, can kusa da ƙololuwar ɗaki, ita ce ta iri. Ita ba a taɓa ta. Ana barinta har ganye ya mutu, mariƙinta ya bushe ya yi tauri. Ranar sauke ta, mai ita kan kira maƙwabci a fasa tare, a raba tsokar kowa ya yi miya, 'ya'yan cikin kuma a wanke, a shafe da toka, a shanya, a mayar gora. Kullum da yamma Gwaggo takan tsaya ta ba ɗaki baya ta ce, "Ɗan nan, yaya ta iri?"

"Tana gaishe ki, Gwaggo."

Matsalar Nomau ɗaya ce, Baba Tunau. Tsohon yakan kwanta a gindin danga ya zuba wa reshensa ido, kuma daga inda yake ana hango rabin jinkar Gwaggo. Wata rana ya leƙo ya ce, "Tabawa, lafiya kike shiga ɗaki da baya?"

Ta kwashe bayani ta gaya masa. Ya ce, "Ni dai a garin nan na tsufa, ban taɓa jin ƙaho ya zubar da kabewa ba. Yaron nan kuma na ga kumatunsa sun fara cikowa."

Nomau yana ƙarƙashin ganye, ya ji kome.

Da gari ya waye, ya ce wa Gwaggo zai je gaida kakarsa. Ya zaga bayan juji ya yi birgima a toka har ya yi fari fat. Ya samo gemun masara ya manna a haɓa da ƙaro, ya kifa ganyen kabewa a kai a matsayin malafa, ya naɗe wutsiya a ƙugu ya rufe da tsumma, ya ɗauki kara ya dogara. Ya shigo ta ƙofar gida yana tari.

"Salamu alaikum, masu gida. Ni ne Gwani Na-Gabas. Na ƙare rayuwata a kan ilimin yaɗo, kabewa da duma da soso, har da guna. Wucewa nake na hango wannan shukar, ƙafata ta ƙi tafiya. Wa ke rainonta?"

Gwaggo ta durƙusa ta ce, "Wani yaro ne, Allah gafarta Malam, Nomau."

"Nomau! Tun daga ƙetaren kogi nake jin sunansa. Ku riƙe shi da kyau. Ku ƙara masa gyaɗa."

Baba Tunau ya zagayo ya gaishe shi, ya ce, "Gwani, tunda Allah ya kawo ka, wai da gaske ne ƙaho na zubar da kabewa?"

"Ƙaho, haure, duk wani abu mai tsini. Haure ma ya fi muni, don shi daga ƙasa yake nuni, ta inda kabewa ba ta zato."

Baba Tunau ya yi maza ya cusa haurensa a ƙasa. Daga nan ya tambaya, murya a toshe, "Har yaushe?"

"Har ranar da ta iri za ta fashe a ƙasa. Kafin nan, kome kuka ji, kada ku juyo. Ko ni na dawo na ce ku juyo, kada ku juyo. Ko kabewar ce da kanta ta buɗe baki ta roƙe ku, kada ku juyo. Gwaji ne."

Waɗannan na ƙarshen ba ya bukatarsu. Daɗin baki ne ya kwashe shi, ya ga manya biyu durƙushe a gabansa. Ku dai riƙe su, za mu dawo kansu.

Suka cika masa tsumma da gyaɗa sadaka, ya yi addu'a ya fita yana tari. Da ya yi nisa Baba Tunau ya ce, "Gwanin nan warin kabewa yake."

Gwaggo ta ce, "Sana'arsa ce."

Tun daga ranar, in ka bi ta ƙarshen ƙauyen da safe, za ka ga manya biyu kowa a gidansa, sun ba danga baya, sun ba ɗaki baya, suna gaisawa da wutsiya.

"An tashi lafiya, Tabawa?"

"Lafiya lau, Baba. Yaya reshenka?"

"Ina jin labarinsa."

Marka ta sauka, kabewa ta yi 'ya'ya jere a kan jinka, kowace a kan gammonta. Da rana ta take, in Gwaggo da Baba Tunau sun tafi tafki birgima a taɓo, sai Nomau ya zaɓi wadda ta fi sheƙi ya zauna mata. Ɓawon ya binne a juji. In ya ƙoshi ya hau ƙololuwar ɗaki ya buɗe wutsiya:

"Ni ne Nomau, mai juya manya kamar waina! Ƙaho biyu na gadina, haure biyu na gadina, kuma duk bayansu suka ba ni!"

Da yamma kuma sai ya sauko da fuskar ta'aziyya.

"Gwaggo, jiya kin waiwaya."

"Wallahi ban waiwaya ba."

"Da ƙudan nan ya sauka a kunnenki fa?"

"Na dai girgiza kai."

"To, mun yi asarar ta gefen gabas."

"Ka yi haƙuri, ɗan nan, ina ta ɓata maka aiki."

"Ba kome, Gwaggo. Kowa ajizi ne."

Baba Tunau shi atishawa ce ta cinye masa reshensa. Duk atishawar da ya yi, kabewa ɗaya ta tafi. Har ya koma toshe hanci da ganye, amma Nomau ya ce ya ji wata cikin barci.

A haka a haka, jinka ta koma ganye zalla, sai ta iri kaɗai a sama, ja jawur, ta cika ta batse. Ko ɓarawo ya san ba a cin iri, don wanda ya ci iri ya ci baɗi. Nomau ma ya sani. Ya zaga ta ya dawo. Ya zauna ya ba ta baya, kamar yadda ya koya wa mutane, bai jima ba ya juyo. Daga ƙarshe ya ce wa kansa, "Dubawa kawai zan yi, ko tsutsa ta shiga. Wannan ai aikina ne."

Gammo ya ɗaga kabewar ya bar 'yar rata tsakaninta da jinka. Ta nan Nomau ya kutsa, ya huda gindinta daidai jikinsa, ya shiga. Bai sami tsutsa ba. Washegari ya koma ya ƙara dubawa. Ya yi ta dubawa har tsokar ta ƙare, ya fara duba 'ya'yan. Daga waje kuwa kabewa ba abin da ya same ta, tana zaune tana sheƙi. Cikin ya zama ɗakinsa, har gemun Gwani a nan ya ɓoye.

"Ɗan nan, yaya ta iri?"

"Lafiyarta ƙalau, Gwaggo. Yanzu ma daga wurinta nake."

Kaka ta yi. Gwaggo ba ta ganin jinka, amma tana ganin busassun ganyen da iska ke saukowa da su tsakar gida. Wata yamma ta taka ɗaya ya yi ƙaras, ta ce, "Lokaci ya yi. Gobe da safe za mu sauke ta. Baba, kana ji?"

Daga bayan danga aka ce, "Ina ji."

Nomau ya ce madalla. Ya riga ya shirya, zai shiga sau ɗaya na ƙarshe ya kwashe sauran 'ya'yan a kumatu, ya bar garin kafin a nemi kabewa. Ya shiga, ya ɗura 'ya'ya dama da hagu har fuskarsa ta yi faɗi. Sai ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, mai tafiya mai nisa yana bukatar hutu. Ɓawon kuwa ya bushe ya yi tauri, ba daɗin kwanciya. Ya zura hannu ta ramin ya jawo ciyawar gammo ya yi matashi. Bai isa ba, ya ƙara jawowa. Ya jawo, ya jawo, har gammo ya ƙare. Kabewa ta yi ɗan motsi ta zauna daram, raminta ya haɗu da sandar jinka ya rufe. Nomau bai ji ba, ya riga ya fara minshari.

Da gari ya waye, muryar Gwaggo ce ta tashe shi.

"Nomau! Nomau!"

Ya zabura ya nemi ƙofa, babu ƙofa. Ya tura, ba ta motsa ba. Ya kai haƙori ga ɓawo, ɓawo ya ce ba yau ba.

A ƙasa Baba Tunau ya shigo da baya ya tsaya kusa da Gwaggo. Ya ce, "Yaron ya tafi gaida kakarsa ke nan. Yaya za mu sauke ta?"

Gwaggo ta ce, "Da can da ƙaho nake tallabo ta a hankali in dire. Yanzu kuwa an hana."

"To ki girgiza ɗakin ta baya. Ni in tsaya a ƙasa in tare ta da gadon baya."

Nomau ya tuna tsawon ɗakin Gwaggo, ya tuna girman kofatonta. Ya buɗe baki, kumatu cike da 'ya'ya, murya ta fito a daƙile, irin wadda ba wanda ya taɓa ji:

"Ya ku bayin Allah! Ni ce kabewa!"

Can Gwaggo ta ce, "Sannu."

"Na ƙosa, na yi tauri, ƙaho ba ya yi mini kome yanzu. Juyo ki tallabe ni a hankali, ki ajiye ni a bayan danga a kan gefena, sannan ku tafi tafki ku ba ni wuri in huta."

Zuciyar Gwaggo ta karye. Kabewar uwarta ce ke kiranta, wuyanta har ya fara juyawa. Baba Tunau ya daka mata tsawa, "Tabawa! Me Gwani ya ce?"

Ta tsaya. Ta ce a hankali, "Ko kabewar ce da kanta."

"To ga shi kuwa. Mutumin nan ya san aikinsa."

"Gwani maƙaryaci ne!" in ji kabewa.

"Kin ji ko? Gwaji ne."

"Ni ne Gwanin!"

"Ya ce ko shi ne ya dawo."

"Ni ne Nomau! Gwaggo, Nomau ne, ɗanki!"

Gwaggo ta share hawaye ta ce, "Allah sarki. Har muryar yaron ta iya."

Ta ja da baya, ta laluba bango da wutsiya, ta yi bisimilla, ta sakar wa ɗakin harbi da ƙafa biyu.

Da gammo yana nan, da kabewar ta yi rawa ta tsaya. Da tsokarta tana nan, da ta gangaro da nauyinta ta sauka a bayan Baba Tunau. Amma ba gammo, ba tsoka. Ta yi tsalle daga ƙololuwa, ta bugi bakin jinka, ta tashi sama, ta sauka a ɗuwawun Baba Tunau. Tsoho ya firgita ya yi harbi. Ta tashi ta bugi cinyar Gwaggo, Gwaggo ma ta yi abin da Ɓauna ke yi in an taɓa ta ta baya. Kabewa ta ratsa tsakar gida tana ihu, ta haɗu da turmi, ta tarwatse. Nomau ya wuntsula gefe, 'ya'yan da ke kumatunsa suka fesu a ƙasa gaba ɗaya.

Manyan biyu suna nan tsaye, ba wanda ya juyo.

"Ta fashe, Baba?"

"Na ji kamar ta fashe."

"To dokar ta ƙare ke nan."

Suka juyo. Karo na farko tun farkon damina Gwaggo Tabawa ta ɗaga kai ta dubi ɗakinta. Ta ga busasshen yaɗo, ta ga gammaye jere ba kome a kansu, kowane mariƙi da shaidar haƙori. Ta dubi ƙasa ta ga ɓawo fayau, ba tsokar da za ta ishi miyar ɓera. Ba cinyewar ce ta fi yi mata ciwo ba. Damina guda kabewar uwarta ta yi fure ta yi 'ya'ya a saman kanta, ita kuwa tana shiga ɗaki da baya, ko sau ɗaya ba ta gan ta ba.

Nomau ya miƙe da ƙyar, jiki duk rawaya, ido ɗaya a kumbure. Ya kakkaɓe ƙirji ya ce, "Alhamdu lillahi, kun zo a kan kari. Wata ƙatuwar tsutsa ce ta shiga, na bi ta ciki, tun jiya muke dambe."

Baba Tunau ya tura hanci cikin ciyawar matashi ya ɗago wani abu da haurensa. Ya ce, "Tabawa, ga gemun Gwani."

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta sunkuyar da kai a hankali, ta saita ƙahoninta biyu daidai kan Nomau, ta ce, "Ɗan nan, tsaya in gwada. Kai ka ce duk abin da ƙaho ya nuna zubewa yake."

Nomau bai tsaya a yi gwajin ba. Ya faɗa cikin ƙayar da aka kewaye tushen kabewa da ita, ya bar mata rabin gashin wutsiya, ya kutsa ta ƙarƙashin danga, ya miƙi hanyar daji da ƙafa uku.

Gwaggo ta bi shi taku kaɗan, sai ta ji wani abu a ƙarƙashin kofato, ta tsaya cak. 'Ya'yan kabewa ne warwatse a ƙura, jiƙe da yawu. Wasu sun fashe, amma masu rai sun fi yawa. Ta manta da Kurege, ta durƙusa ta shiga tsince su ɗaya bayan ɗaya da leɓe, Baba Tunau na turo mata na nesa da hanci. Da ta tara su suka rufe gindin gora. Ta wanke, ta shafe da toka, ta shanya a faifai, ta tsaya a kansu da ƙahoninta biyu tana kallo son ranta. Ba wanda ya zube.

Can nesa, a kan suri, Nomau ya tsaya yana haki. Ya hango abin da take yi, ya ɗaga guntuwar wutsiyarsa ya ƙwala:

"Gwaggo! Wa ya ajiye miki su? Ba don kumatun nan ba, da irin uwarki ya ƙare! Ni ne Nomau, rumbu mai ƙafa! Ni na yi raino, ni na yi gadi, ni na yi ajiya! A aiko mini da goron godiya!"

Gwaggo ta ɗago kai ta juya ƙaho wajen surin. Kafin ta gama juyawa, ba kowa a kai sai ƙura.

Nan ta faɗo ta fashe, ƙurunƙus kan ɗan kurege. Wanda ya ce ƙarya na shirga, ya je ya tambayi Ɓauna, amma ya tsaya ta bayanta.